Cinikin Biri a Sama

Tun zamanin da auduga take tashe a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, keke shi ne dokin talaka. Manomi ya kai audugarsa fuloti, ya sayo Raleigh, ya kaɗa ƙararrawa gari ya shaida. Daga baya babur ya ture keke, har zuwa shekarar 2023 da aka janye tallafin man fetur, babura da yawa suka koma zaure suka kwanta.

Wannan ne ya sa wani saurayi manomi a ƙasar Bakori ya ƙwallafa ransa a kan keken lantarki mai kaurin taya, wanda ya gani ana talla da rahusa a intanet. Faɗin tayar yana rage nutsewa a yashi da taɓon damina, batir kuwa ya ɗauke wahalar hawan tudu. Sai dai kuɗinsa buhunan masara ne, gumin damina guda.

Mahaifinsa ya ce, "Kai yaro, mu a zamaninmu sai mun murza feda, mun ƙwanƙwasa ƙarfe, sannan mu biya."

Maganar dattijon abar dubawa ce. Ran wannan keke batir ne, hoto kuwa ba ya nuna lafiyar batir. In ya mutu, mai facin bakin kasuwa ba shi da maganinsa. Cajinsa ma a ƙauye sai an nemi mai sola. Araha dai ba ta ado.

Saurayin bai fasa ba, amma ya gindaya sharaɗi: sai kaya sun iso hannunsa, ya gwada, sannan masara ta bar rumbu.