Kilomita Takwas da Muka Saya a Kan Ruwan Legas

Ina da wani amini da muka yi makarantar kwana tare, Allah Ya buɗa masa a harkar fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Shekaru biyu da suka wuce ya sayi wani ƙaramin jirgin ruwa na shan iska, ɗan kwatano, tsawonsa mita shida, da inji mai ƙarfin doki 115 maƙale a bayansa. Duk ranar Lahadin da muka samu sarari mukan tashi daga mashigin ruwan da ya raba Ikoyi da Victoria Island mu nufi Tarkwa Bay, mu ci kifi, mu dawo kafin magariba. Ni malamin lissafi ne, ɗan tudu kuma, wanda bai san wani ruwa ba sai na kududdufin unguwarsu, don haka aikina a jirgin bai wuce riƙe waya ina duba saurin da GPS ke nunawa ba.

Wata rana wasu samari suka wuce mu a nasu jirgin kamar muna tsaye, har da ɗaga mana hannu. Alhaji ya tambaye ni nawa muke yi, na ce kilomita 49 a awa. Bai ƙara magana ba har muka sauka, amma na san halinsa tun muna aji ɗaya.

Washegari muka je wurin bakaniken da ke kula da jirgin, wani dattijo ɗan ƙabilar Ilaje da ya tsufa a kan ruwa. Alhaji ya ce inji babba yake so. Dattijon ya ce a fara fito da jirgin tudu tukuna. Da aka jawo shi muka ga cikinsa ya yi gansakuka, ga wasu ƙananan halittu masu ɓawo sun manne masa kamar ƙuraje. A nan na tuna abin da nake koya wa ɗalibai ban taɓa kawo shi kan jirginmu ba: ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka ɗan kaushin da mota ba za ta ji ba, jirgin ruwa jan sa yake kamar an ɗaura masa buhu. Aka kankare, aka wanke. Daga nan ya sa aka kwashe tarkacen da ke ciki: tsohon batir, jarkoki biyu na ruwa, wata sarƙa da ba a san amfaninta ba, ga kuma ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin daɓen. Da muka gwada, waya ta nuna 57. Ba mu kashe komai ba sai ladan yaran da suka yi wankin.

Sai aka zo kan farfela, kuma nan ne abin ya ba ni sha'awa. Kowace farfela tana da lambar da ke nuna inci nawa za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce ruwa ba ya zamewa. Tamu 15 ce. Kamar giyar mota take: ƙaramar lamba tana da ƙarfin tashi amma ba ta da dogon gudu, babba kuwa akasin haka. Littafin injinmu ya ce idan an ba shi wuta duka, ya kamata ya riƙa juyi 5,000 zuwa 6,000 a minti, kuma ƙarin inci ɗaya a farfela yakan rage juyin da wajen 150 zuwa 200. Namu yana dukan 6,000 ɗin, alamar yana da sauran ƙarfi da ba a mora. Aka sa mai lamba 17 ta farin ƙarfe, wadda fukafukanta suka fi na alminiyam sirantaka kuma ba sa lanƙwasa. Dattijon ya koya wa Alhaji ɗaga ƙafar injin kaɗan-kaɗan bayan jirgi ya hau fuskar ruwa, don hancin ya tashi, jikin da ke gugar ruwa ya ragu. Muka kai 61. Alhaji ya ce a gwada 19. Aka gwada, jirgin ya yi ta nishi kafin ya miƙe, saurin kuma bai ƙaru ba, aka mayar da 17.

Da a nan muka tsaya da ban yi wannan rubutu ba. Kusa da sitiyari akwai ɗan allo da maƙeran jirgin suka manna, an rubuta yawan mutanen da zai ɗauka da iyakar ƙarfin injin da ya dace da shi: doki 115. Alhaji ya samu labarin wani mai doki 150 da ake sayarwa. Ya ce, “Malam, kai ne mai lissafi, nawa zai ba mu?” Na zauna na buga. A jirgin da ke gudu bisa fuskar ruwa, sai an ninka ƙarfi kusan sau huɗu kafin sauri ya ninka sau biyu. Ƙarin kashi 30 cikin ɗari na ƙarfi zai ba da kusan kashi 14 na sauri, wato wajen kilomita takwas. Man da za a ƙona kuwa zai tashi daga kusan lita 40 a awa zuwa sama da 50, a lokacin da janye tallafin mai na 2023 ya riga ya sa kowa ƙirga lita. Lissafin nan da kansa ya isa ya hana mu. Amma da na faɗa masa 69, sai na ji ina so in ga lambar a fuskar wayata, kuma ban ce masa uffan game da ɗan allon ba. Dattijon ne ya ce shi ba zai ɗaura ba, ya ce bayan jirgin ba a gina shi don wannan nauyin ba. Alhaji ya sami wani yaro ya ɗaura.

Ranar gwaji na tafi da ɗana mai shekara goma sha biyu, domin ya daɗe yana roƙo. Muna shirin tashi dattijon ya zo bakin gaɓa, ya ƙara ɗaure wa yaron rigar kariya, ya ɗauki jar igiyar nan da ke kashe inji idan direba ya bar mazauninsa ya maƙala wa Alhaji a ƙafa. “Alhaji, wannan kaɗai nake roƙon ka,” in ji shi.

Da muka wuce 65 jirgin ya fara rawa, yana kwantawa dama yana komawa hagu, domin abin da ya rage nasa a cikin ruwa bai fi ɗan siririn gindi ba. Na ga 68. Daidai nan muka ci karo da igiyar ruwan da wani jirgin fasinja ya bari a bayansa. Abin da na iya tunawa shi ne sama, sai ƙara, sai shiru. Alhaji yana kwance a daɓe kafaɗarsa ta goce, injin ya mutu, kujerar ɗana kuma babu kowa. Can baya na hango rigarsa mai ruwan lemo tana lilo. Wasu masunta biyu a kwalekwalen katako, irin waɗanda muka saba wucewa muna watsa musu ruwa, su suka riga mu isa gare shi. Da igiyar nan ba ta kashe injin ba, da jirgin ya ci gaba da zagaye ba direba, farfela tana juyi a ruwan da yaron yake ciki.

A makonnin da suka biyo baya barci ya yi mini wuya, na shiga karance-karance a kan masu neman gudu a ruwa. Donald Campbell na Ingila ya mutu a tafkin Coniston ranar 4 ga Janairu, 1967, lokacin da hancin jirginsa Bluebird ya tashi sama ya wuntsila, ba a gano gawarsa ba sai 2001. Ken Warby na Ostareliya ya kai kilomita 511 a awa a 1978, cikin jirgin katako da ya haɗa a bayan gidansa, kuma har yau ba wanda ya wuce shi. Mutum biyu da suka nemi wuce shi, Lee Taylor a 1980 da Craig Arfons a 1989, duk sun rasa rayukansu. Waɗannan ƙwararru ne da suka san abin da suka sa a gaba, kuma su kaɗai ne a cikin jiragensu. Mu kuwa ɗan wani muka ɗauka, ɗan nawa, don kawai wasu samari sun ɗaga mana hannu.

Alhaji ya sayar da babban injin da asara, dattijon ya mayar da tsohon, ya kuma nuna mana tsagar da ta fara bayyana a inda aka ɗaura sabon. Mun nemi masuntan har sau biyu a inda suka saba jefa koma, ba mu same su ba. Mahaifiyar yaron ta yi wata guda ba ta yi mini maganar da ta wuce gaisuwa ba. Shi kuwa ya koma jirgin sau ɗaya bayan Sallah, ya zauna a tsakiya ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, ya ce in ba shi wayar shi zai riƙa duba lambar. Da ta kai 40 ya ce, “Baba, ya isa haka,” Alhaji kuma ya sassauta.