Daren Yuzu a Kochi

Duk ranar Lahadi, titin da ya miƙe zuwa tsohuwar fadar Kochi yakan koma kasuwa. Rumfuna ne jere kusan tsawon kilomita guda, kuma tun 1690 ake cin ta. A watan Disamba ba sai an nuna maka rumfar masu yuzu ba, hancinka ne zai kai ka. Yuzu wani lemo ne rawaya mai kaushin ɓawo, cikinsa duk 'ya'ya, ruwansa kaɗan, ga tsami. Ƙamshin ɓawon shi ne abin nema. Kusan rabin yuzun da Japan ke nomawa daga wannan jiha ta tsibirin Shikoku yake fitowa, daga ƙauyukan kan tudu irin su Umaji.

Wanka a ƙasar nan kashi biyu ne. Da farko za ka zauna kan 'yar kujera ka cuɗa jikinka da sabulu, ka ɗauraye tas. Sannan ka shiga baho mai zurfi da suke kira ofuro, ruwan zafi ya kai maka wuya, ka yi shiru. Sabulu ba ya shiga ciki, domin ruwa ɗaya ne duk mutanen gida za su shiga bi da bi. In ya huce, akwai maɓallin da za ka danna, na'ura ta zuƙe ruwan ta bututu, ta ɗumama shi, ta mayar. Akwai gidajen wanka na jama'a, maza daban mata daban, amma tsirara ake shiga, don haka ban taɓa leƙawa ba. Bahon ɗakina ya ishe ni.

A sanyina na farko na yi wauta. Binciken digirina ya cije, dare na yi da wuri, ga kewar gida. Sai na ɗauko kwalbar humrar da Umma ta cusa mini a akwati, na tuttula rabin murfi a ruwan. Mai ba ya narkewa a ruwa. Sama ya taru, ya manne mini a fata, cikin minti biyu kafaɗuna suka ɗauki raɗaɗi kamar an shafa barkono. Kafin nan kuwa na riga na danna maɓallin ɗumamawa, humrar ta bi bututu. Mako biyu duk ruwan da na tara sai ya zo da wani tsohon wari, ina ta lissafin kuɗin ajiyar haya da mai gida zai riƙe idan na'urar ta lalace.

Tsohuwar da muke haɗa bango ce ta fitar da ni. Ta haura tamanin, ita kaɗai take zaune, ina kiranta Obaacan, wato Kaka. Da na ba ta labari da guntun Japanancina, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta rubuta mini sunan garin wanke bututu. Ta ce duk abin ƙamshin da zan zuba, in fara karanta bayan takardarsa. Mai farar wuta a ciki yana cin ƙarfen na'ura, mai sa ruwa ya yi fari kamar madara yana toshe matata. In kuma na nace sai mai, to in kashe na'urar, in zubar da ruwan a daren.

Ranar da dare ya fi tsawo a shekara, 21 ko 22 ga Disamba, suna kiranta toji. A ranar ake cin kabewa, a yi wanka da yuzu, wai wanda ya yi ba zai kamu da mura ba. Da yamma ta miƙo mini guda biyar a jakar raga.

"Kada ki yanka su," in ji ta. "Fatarki ba ta saba ba. Ki wanke, ki jefa su haka."

Na ba ta labarin wankan jego, yadda ake tafasa ruwa da ganyen darbejiya a yi ta fyaɗa wa mai jego safe da yamma har kwana arba'in. Ta zaro ido, ta ce ashe mun fi su. Ga 'yan'uwa masu tambaya kuwa, ruwan da ƙamshinsa ya canja da irin waɗannan ba ya ɗauke hadasi, kamar yadda muka karanta a Islamiyya. Tsarin nasu ya yi mana daidai, tunda da ruwa zalla ake fara wankan kafin a shiga bahon.

A daren ne ta roƙe ni abin da na ga ya yi mata nauyin faɗa. Gidajen nan ba a ɗumama su gaba ɗaya. Tsoho zai tuɓe a ɗaki mai sanyi, ya faɗa ruwan zafi, jininsa ya hau ya sauka farat ɗaya, ya suma a ciki. Duk lokacin sanyi ana rasa tsofaffi da yawa ta haka, shi ya sa hukuma ke cewa kada ruwan ya wuce digiri 41, kada a wuce minti goma. Da mijinta na raye, shi ke kiranta daga falo. Ta ba ni makullinta na biyu. Za ta buga bango sau biyu in za ta shiga, sau biyu in ta fito. In minti ashirin ya wuce shiru, in buɗe.

Ƙarfe takwas na ji bugun farko. Na zauna da hijabina, makulli a hannu, ido a kan agogo, nawa ruwan na can a rufe. A minti na goma sha huɗu bangon ya amsa. Na mayar mata sau biyu, na ajiye makullin, na je na ɗaga murfin bahon. Lemukan biyar suna yawo a sama, tururin ya cika bayin da ƙamshi mai ɗan ɗaci. Na shiga, ɗaya ya zo ya tsaya a haɓata.