Yunit Biyun Da Ake Rainawa

Tun da aka shiga zangon nan hirar ajinmu na kimiyya ta koma kan kwas. Wannan likitanci yake so, wancan injiniyanci, wata kuma harhaɗa magunguna. Kowa ya haddace makin da ake nema a JAMB. Abin da ba ka cika jin ana tattaunawa ba shi ne takardar da ke jiranmu bayan an samu gurbin, wato fom ɗin rajistar kwasa-kwasan shekarar farko. Mu a kulob ɗin 'yan jarida sai muka roƙi yayyenmu da suka zo hutu daga jami'a su nuna mana nasu.

Mun tarar zaɓin da ake ta zuzutawa bai taka kara ya karya ba. Ɗalibin kimiyya a aji ɗaya zai samu an riga an jera masa kusan komai: Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji ga masu buƙatarsa, darussan ɗakin gwaje-gwaje, sai kuma na kowa da kowa da ake kira GST. A tsarin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, ita ke tsara kashi 70 cikin ɗari na manhaja, kowace jami'a ta cike sauran 30. A ciki akwai GST 111, sadarwa da Turanci, da GST 112, al'ummomin Nijeriya da al'adunsu. Ko likita za ka zama ko injiniya, sai ka ci su kafin a ba ka digiri.

To, ga inda lissafin yake. Kowane kwas yana da nauyinsa, ana ce masa yunit. Yunit ɗaya na lakca awa ɗaya ce a mako, amma yunit ɗaya na ɗakin gwaje-gwaje awa uku ne, ban da daren da za a raba ana rubuta rahoto da zana jadawali. Shi kuwa GST 111 yunit biyu ne. Kenan darasin da ya cinye maka yammacin Talata gaba ɗaya, rabin nauyin darasin Turanci yake da shi a takardar sakamako.

Mu gwada da alƙalami. A jami'o'in da ke amfani da ma'aunin maki biyar, A tana farawa daga 70 kuma maki 5 ce, B maki 4, C maki 3, D maki 2. Ana ninka makin da yawan yunit. Ɗalibi ya ci A a gwaje-gwajen Kemistiri mai yunit ɗaya, ya samu 5. Ya yi wa GST riƙon sakainar kashi ya tashi da D, ya samu 4. Jimla 9, a raba gida uku, 3.0 kenan. Abokinsa bai ci A ko ɗaya ba, B ya samu a duka biyun, amma jimlarsa 12, ya tashi da 4.0. Wanda ke mafarkin digiri mai daraja ta ɗaya, da ke farawa daga 4.50, sai ya sake duban waɗannan lambobi da kyau.

Ba muna cewa a bar Fiziks a rungumi nahawu ba. Darussan kimiyya su ne ginshiƙi, kuma wanda ya yi sake da Lissafin aji ɗaya zai ji a jikinsa har aji huɗu. A likitanci ma, ba a haye zuwa aji biyu sai an ci darussan kimiyyar nan. Sai dai GST yana da wani tarko nasa. Ajin cike yake maƙil, ɗaruruwan mutane daga sassa daban-daban, wanda ya zauna a baya ko muryar malami ba ya ji sosai. Ba wanda zai lura ka daina zuwa. Wata yayarmu ta ce a ɗakinsu ana kiransa karatun dare ɗaya, sai ana gobe jarrabawa ake neman takardunsa. Wanda ya faɗi kuma sai ya sake ɗaukarsa baɗi, ya zauna da ƙannensa, ga lokacin lakcar yana iya cin karo da na wani kwas na aji biyu.

Ɗan zaɓin da ya rage shi ne na kwasa-kwasan ganin dama da kuma yawan yunit. Yawanci ana yarda ɗalibi ya ɗauki daga 15 zuwa 24 a zango. Akwai masu cika 24 ɗin don a ce su gwanaye ne. Mu dai a ganinmu, kafin a ƙara kwas ko ɗaya, a ƙirga awannin mako tukuna, har da na ɗakin gwaje-gwaje, da na layin ruwa, da na tafiya daga hostel zuwa aji. A kuma kai fom ɗin wurin malamin da aka ɗora wa kula da ajin kafin a tura shi, don aikinsa kenan.

Maganar ma ba sai an je jami'a ba. A JAMB da ke gabanmu, Turanci tambaya 60 ne, sauran darussa uku 40-40. Babu gurbin kimiyya ba tare da kiredit a Turanci ba, komai yawan A ɗin mutum a Bayoloji. Shi ya sa muka roƙi malamar Turanci ta ba mu rabin awa duk ranar Laraba bayan sallar Azahar, mu riƙa kawo rahoton gwajin da muka rubuta a ɗakin Kemistiri tana duba mana jimlolinsa. Ta amince. Mai so ya rubuta sunansa a takardar da muka liƙa a ƙasan allon nan kafin Juma'a.