Daga Kaulaha Zuwa Bakin Teku: Tsuntsayen Kogin Salum

Da yawa daga cikin jama'armu sun san Kaulaha ta ƙasar Senegal, garin marigayi Shehu Ibrahim Inyass, domin kowace shekara sukan tafi ziyara. Amma kaɗan ne suka tambayi inda kogin da ke gefen garin ya nufa. Sunansa Salum. Mun bi shi cikin kwalekwale mai inji, ta garin Funjun, har inda ya faɗa Tekun Atlantika, tafiyar fiye da kilomita 100.

Abin mamaki na farko shi ne, ruwan kogin nan a Kaulaha ya fi na teku gishiri. Dalili kuwa, ruwan daɗi da ke shigo masa daga tudu kaɗan ne. Teku ce ke turo nata sau biyu a kwana, ta cika ta janye, rana kuma ta ƙafar da shi. Shi ya sa ake haƙar gishiri a Kaulaha.

Can kusa da teku sai kogin ya rarrabu, ya kewaye tsibirai masu yawa. Bakin kowace mashiga cike yake da wasu itatuwa da Turawa ke kira mangurob, masu tsayuwa bisa saiwoyi cikin ruwan gishiri. A tsakanin saiwoyin nan 'ya'yan kifi ke fakewa har su girma. Idan teku ta janye, taɓo ya bayyana, sai ka ga tsuntsaye sun sauka dubu bisa dubu, ga zalɓe, ga kwasakwasa, ga ƙanana masu dogon baki da suka guje wa sanyin Turai. A wani tsibiri da ake kira Tsibirin Tsuntsaye, waɗansu fararen tsuntsayen teku kan taru su zuba ƙwai bisa rairayi a fili, har mutum ya rasa wurin sa ƙafa.

Gwamnatin Senegal ta keɓe hekta 76,000 na yankin a 1976. A 1984 aka sa shi cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, a 2011 kuma hukumar UNESCO ta lissafa shi cikin wuraren gadon duniya.

Sai dai takarda ba ta tare ruwa. Farin shekarun 1970 da 1980, wanda mu ma ya taɓa mu, ya ƙara wa kogin gishiri har itatuwa da yawa suka mutu. A 1987 guguwa ta yanke zirin rairayin Sangomar, wanda ke kāre tsibiran daga igiyar teku. A 2024 kuma aka fara haƙo man fetur a cikin teku daura da yankin. Man nan arziki ne, amma in ya malala cikin saiwoyin nan, wanke shi sai an sha wuya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne dabarar mutanen wurin, watau masuntan Nyominka. Matansu na tsintar dangin dodon-koɗi a taɓo da jikin saiwoyi tun kaka da kakanni, har ɓawon ya taru ya zama tuddai fiye da 200. Duk da haka abin bai ƙare ba, domin a ƙauyuka da dama idan damina ta faɗi sukan dakatar da tsinta, su bar wurin ya huta. Yanzu kuma suna dasa itatuwan da suka mutu. Ba don tsuntsu suka fara yin haka ba, don tukunyarsu ne. Amma inda kifi ya yalwata, nan tsuntsu ke sauka.

To, 'yan kasuwa sun san wanda ya ci uwar kuɗi ya rufe shago. Mu ma muna da fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka, kuma rayuwarsu na hannun masu sakin ruwan madatsun Tiga da Challawa. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar ruwa ko ta fili, ya tuna amana ce a wuyansa. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, amin.