Mutum 49, labari kashi uku

Cikin azumin 2016, ina zaune ina gyaran takardun jarrabawar ƙarshen shekara, ɗana ya miƙo mini salula: "Baba, duba abin da ya faru a Amurka." Ranar 12 ga Yuni, wani matashi mai suna Omar Mateen ya buɗe wuta a Pulse, gidan rawar masu neman jinsi ɗaya a birnin Orlando. Ya kashe mutum 49, ya raunata 53.

Kwana biyu ina bin labarin, sai na ga kamar abu uku ne suka faru. Kafafen masu ra'ayin riƙau, irin su Fox News, sun fi tsayawa kan cewa iyayensa ƴan Afganistan ne, kuma ya yi wa ƙungiyar IS mubaya'a ta waya. Donald Trump, da yake neman shugabanci a lokacin, ya caccaki Obama don ya ƙi danganta harin da Musulunci. Kafafen masu sassaucin ra'ayi kuwa sun fi maganar ƙiyayyar da ake yi wa mutanen da aka kashe, da yadda ya sayi bindigoginsa bisa doka. A Ingila har wani ɗan jarida, Owen Jones, ya fice daga shirin Sky News a fusace, don ya ga ana kauce wa faɗin ko su wane ne aka kashe.

Ni ma na ɗauki nawa ɓangaren. Damuwata kawai kada a shafa wa Musulmi baƙin fenti. Sai da ɗana ya tambaye ni, "To su waɗanda suka mutu fa?" na ankara ban san komai game da su ba. Yawancinsu matasa ne ƴan asalin Latin Amurka, da dama daga Puerto Rico, kowane da uwar da ta haife shi. Na ji kunya.

A 2018 kotu ta wanke matar Mateen, kuma shaidun da aka gabatar sun nuna mai yiwuwa bai ma san irin gidan da ya shiga ba. Lokacin kowa ya riga ya yanke hukuncinsa.

Tun daga nan, idan ɗalibi ya kawo mini labarin salula, tambaya uku nake yi masa: wa ya faɗa, me ya sa a gaba, wa ya bari a baya? Malamai da iyaye, mu fara yi wa kanmu su kafin mu yi wa yara.