Kafin a Kunna Kyamara: Shekarunmu a Jos

Mu 'yan zamanin kaset ne. Mun tashi muna kallon Samanja a talabijin, muna yara Turmin Danya ya fito a 1990, kafin mu gama sakandare kuwa kasuwar Ƙofar Wambai ta cika da finafinan Hausa. Duk da haka, ranar da na shaida wa mahaifina cewa fim nake son karantawa har digiri, sai da ya dube ni ya ce, "Ashe shi ma wasan kwaikwayo sai an je jami'a?" Na ce, "Baba, akwai ilimi a cikinsa." Ya sa mini albarka, na kama hanyar Jos a tsakiyar shekarun 2000.

Jos a lokacin ita ce makarantar wannan sana'a. Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, a nan take, kuma a ƙarƙashinta Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take, inda ake ba da digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Can Rayfield kuma ga kwalejin talabijin ta NTA. A ƙauyukan da ke kewaye da garin aka ɗauki Cock Crow at Dawn, shirin da iyayenmu ba sa bari ya wuce su. Ga sanyin da Bakano bai saba da shi ba, ga duwatsu masu ɗaukar ido ko ina ka juya kyamara.

Dukkanmu kyamarar muka zo nema, amma biro aka fara miƙa mana. Malamin tsara labari ba ya karɓar komai sai ka faɗi labarinka a jimla ɗaya: wane ne jarumin, me yake so, me ya tare masa hanya. In ka fara kewaye-kewaye sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, labarinka bai nuna ba tukuna, koma." Daga jimla sai taƙaitaccen labari, daga nan jerin fitowa-fitowa, sai can ƙarshe a ba ka izinin rubuta maganganun 'yan wasa. A nan na koyi cewa shafi guda na rubutun fim kusan minti guda ne a allo, kuma abin da ido zai iya gani ba a sa shi a bakin ɗan wasa. Mu da muka taso cikin al'adar tatsuniya da iya zance, wannan darasi ya fi kowanne ba mu wuya, domin so muke kowa ya yi dogon jawabi.

Abin da na fi kewa shi ne zaman karatun rubutu. Mukan zauna a da'ira, a rarraba wa abokai sunayen mutanen labarinka su karanta da ƙarfi, kai kuwa ba ka da damar cewa uffan. Ajin ya haɗa Birom da Ibo da Yarabawa da Tibi da Hausawa. Wata 'yar ajinmu daga kudu ta taɓa tambayata dalilin da ya sa matar da ke labarina ba ta ambatar sunan ɗanta na fari. Da na bayyana mata kunya, sai ta ce to me ya sa ban gina fitowar a kan wannan ba? Na sake rubutun, kuma ya fi na farko nesa ba kusa ba.

A ɗakin kallo muka haɗu da Mandabi na Ousmane Sembène, wanda ya fito a 1968 da harshen Wolof, da Shehu Umar na Adamu Halilu, wanda aka ciro daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1976. Su suka tabbatar mini cewa harshenmu zai iya ɗaukar fim mai nauyi.

Darasin furodusa kuwa lissafi ne zalla. Ka ɗauki rubutun ka warware shi: 'yan wasa nawa, kaya nawa, dare ne ko rana, ciki ne ko waje. Duk fitowar da ke gida ɗaya a ɗauke ta tare, ko da ɗaya a farkon fim take ɗaya a ƙarshe, shi ya sa mai kula da kwantiniti ba ya rabuwa da littafinsa. Kuɗin abinci, kuɗin mota, man janareto, kaset ɗin mini DV, da wani kaso da ake warewa saboda abin da ba a zata ba. Malamarmu takan ce furodusa kamar uwar biki yake, kowa ya ci ya ƙoshi, ita ce ta san abin da ya rage a tukunya. Mun gane gaskiyarta a lokeshan, ranar da ruwan Jos ya sauko ba sallama, jadawalinmu ya tarwatse, muka koma muka ɗauki na cikin ɗaki domin kada yini ya tafi a banza.

Da na dawo Kano na tarar sau da yawa a lokeshan darakta ke bayyana wa 'yan wasa abin da za su faɗa. Akwai baiwa, amma ba a ba rubutu lokacinsa. Zuwan Arewa24 a 2014 da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, da kuma Labarina na Aminu Saira daga baya, ya nuna cewa ba a jan labari zango bayan zango da ka. Dole a zauna a rubuta, a gyara, a yi kasafi.

Yau yaro da wayarsa yana ɗaukar hoton da ya fi na kyamarorinmu kyau, kuma ina murna da hakan. Sai dai waya ba za ta ce maka labarinka bai nuna ba. Wannan sai malami, sai abokan da za su karanta rubutunka su faɗa maka gaskiya. Ina fatan matasanmu su sami irin wannan zama, masu zuba jari kuma su riƙa biyan marubuci haƙƙinsa tun kafin a nemi jarumi. Malamanmu da suka hana mu gaggawa, Allah Ya saka musu da alheri.