Daga Ikorodu Zuwa Tsibirin Ikko: Hanyar Da Ke Cin Mota A Tsaye

Garin Ikorodu yana arewacin babban tafkin nan na Ikko, kuma daga can zuwa tsibiri, inda manyan ofisoshi da bankuna suke, tafiyar kimanin kilomita 35 ce, domin hanya sai ta kewaye ruwa. Dubban ma'aikata waɗanda tsadar haya ta kora bayan gari su ne ke bin ta kullum, su fita tun da assalatu, su komo bayan lisha. A cikinsu ba a rasa wanda Allah ya jarabta da son tsohuwar mota, irin Peugeot 504 ɗin nan da ake kira Fijo, ya kashe mata kuɗi, ya sake mata fenti, yana goge ta da hannunsa ba ya yarda yaro ya taɓa. Abin da ke hana irin wannan mutum barci shi ne: ya riƙa zuwa aiki da ita, ko kuwa ya lulluɓe ta a gida?

Motar dai ba ta da abin kushewa. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1975 ta ci gasar tseren Safari ta Afirka ta Gabas, kuma a shekarar nan ce kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci. Faransa ta bar ƙera ƙaramar a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000. Mota ce da aka yi domin dogon zango da gargada, wadda direbobin haya suka sha ɗauka daga Kano zuwa Ikko ba ta yi gardama ba. To, sai dai mafi ƙuruciyarsu a yau ta kai wajen shekara 20, kuma hanyar Ikorodu ba dogon zango ba ce. Doguwar tsayuwa ce.

Wanda ya taso daga tsakiyar gari zai wuce Agric, ya haye gadar Majidun, ya iso Owode Onirin, wurin da ya yi suna wajen cinikin ƙarafa da kayan motocin da aka farfasa. Mai tsohuwar mota ba ya son kallon wajen. Gaba kaɗan sai Mile 12, babbar kasuwar kayan gwari, inda manyan motoci daga Arewa ke sauke tumatir da albasa da tattasai tun cikin dare, har mutum ya ji Hausa tana tashi ko'ina kamar yana 'Yankaba. A nan gosulo yake kama wuya. Motocin danfo masu ruwan ɗorawa su tsaya inda suka ga dama, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran fasinja, masu ɗaukar kaya na ratsa titi da kwanduna a ka. Tsakanin Mile 12 da Ketu da Ojota tafiya ce ƙanƙanuwa, amma ran da ta ɓaci sai ta ci sa'a guda.

A wannan sa'ar ce mota ke tsufa. Idan tana gudu iska na ratsa lagireto tana sanyaya ruwa, amma in ta tsaya sai fanka kaɗai ke aikin, allurar zafi kuwa ta yi ta hawa, mai mota ido ɗaya a kanta, ɗaya a kan danfon da ke neman shafar masa gefe. Ƙafar hagu ba ta sauka daga kuloci, daga giya ta ɗaya sai birki, sai kuma giya ta ɗaya. Injin da ke yawan aiki a tsaye yakan tara baƙi a fulogi, kuma kafireto na shan mai ko taya ba ta juya ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 1923 da ɗari, watau 2023, wannan shan mai ya bar zama abin wasa. Da damina kuma ga ruwa kwance a titi, wanda in ya jiƙa wayoyin wuta sai mota ta mutu a tsakiyar jama'a. Iskar bakin teku mai laima da gishiri ita ma tana nata aikin a ƙarƙashin bodi, a hankali, ba wanda ya gani sai tsatsa ta huda. Kilomita 70 a yini, kwana biyar a mako, a shekara sun haura 17,000. Fitila ko gilashin da ya fashe kuwa sai an yi yawo a kasuwar Ladipo kafin a sami na asali.

Cunkoson nan ba baƙo ba ne. A 1977 gwamnatin soja ta raba ranakun shiga wasu manyan titunan Ikko tsakanin motoci masu lamba mara da masu lamba cika. Masu hali suka sayi mota ta biyu, doka ta bi ruwa.

Daga Ojota hanya na bi ta Ogudu zuwa Oworonshoki, inda ake hawa Gada ta Uku. Tsawonta kilomita 11.8, an gama ta a 1990 zamanin Janar Ibrahim Babangida. A dama ga Jami'ar Ikko da bukkokin masunta na Makoko bisa dirkoki cikin ruwa, a hagu ga tafki shimfiɗe iyakar ganin ido, da 'yan kwalekwale jefi-jefi. Kai, wurin yana da kyau! Amma da safiyar Litinin babu inda ya fi shi muni ga motar da ta tafasa, domin ba inuwa, ba mai sayar da ruwan lagireto, kuma bakaniken da ya san hannunta yana can Ikorodu.

Duk da haka wanda ya ce a lulluɓe ta a manta bai san mota ba. Ajiya ma cuta ce: batir ya mutu, taya ta tsattsage, robobi su bushe, birki ya kama, mai ya lalace cikin tanki, ɓera ya yi gida a kujera. Abin da motar ke bukata shi ne ta yi gudu har injin ya ɗau zafinsa sosai, ko sau ɗaya a mako.

Zuwa aiki kuwa an yi masa wasu hanyoyi. Manyan bas-bas na BRT, masu layinsu na musamman, sun fara aiki daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, aka kai layin Ikorodu a 2015. Akwai kuma jiragen ruwa da ke tashi daga Ebute su yanki tafkin kai tsaye, tafiyar da ba ta cika sa'a guda ba, ko da yake ba kowane ɗan tudu ke da zuciyar shiga ba. Mai hankali sai ya bi ɗayansu, ya bar wa Fijo ranar Asabar, a ɗauki hanyar Shagamu, garin goro, a gaida 'yan'uwa a Sabo. Ko kuma Lahadi da sassafe, kafin gari ya motsa, a hau Gada ta Uku a saka giya ta huɗu, a sauke gilashi, a sauka Adeniji Adele cikin 'yan mintoci allurar zafi ba ta gusa daga tsakiya ba.